Raƙumin Kamfanin Katifa

Ni mutum ne da Allah ya yi wa baiwar shawara. Ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, ina da ita a aljihu, kuma ban taɓa yin rowarta ba. Shi ya sa ranar da Baba, mai kamfanin katifar da nake wa aiki, ya kira ni ofis ya ce zai yi tafiya duba ƙanwarsa da ke kwance, ni zan riƙe masa wuri, ban yi mamaki ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya ɗauki shekaru bai gano ni ba.

Kamfanin namu ba wani babba ba ne. Dogon zaure ne mai rufin kwano, gefe guda injin yanka soso, gefe guda kekunan ɗinkin rigar katifa, can ƙurya kuma sito da aka jibge soso har kusa da rufi. Amma a lokacin muna da babban aiki a hannu, don wani sabon asibiti da ake shirin buɗewa ya ba mu kwangilar katifun gadajensa gaba ɗaya. Baba ya ce ranar da zai dawo ita ce ranar kai kaya, daga tasha asibitin zai zarce, yana so ya tarar da mu can da katifu cif. Na ce ya tafi da zuciya ɗaya, kafin ya dawo sai asibitin sun roƙe mu su ƙara gadaje.

Da ma akwai abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai. Kullum rana ta take, sai a kaɗa wata tsohuwar ƙararrawa da ke rataye a bakin ƙofa, inji ya yi shiru, kowa ya ɗauki kularsa ya nufi inuwar bayan zaure. A ci, a sha, a yi ta hira da dariya kamar an zo suna. Dogo, mai yanka soso, har miƙewa yake a kan tarin guntaye ya rufe fuska da hula. Ni ma a cikinsu nake ci, gaskiya, har ma nakan riga kowa buɗe kula. Amma ci nake ina nazari.

Washegarin tafiyar Baba na tara ma'aikata, na hau kan wani dunƙulen soso don kowa ya gan ni. Soson ya riƙa lotsawa da ni, sai da na buɗe hannuwa kamar mai koyon keke. A haka na sanar da su cewa daga yau har ranar kai kaya, an ɗage hutun cin abincin rana. Mai salla ya yi sallarsa ya dawo bakin aiki. Na bayyana musu cewa abincin rana sabo ne kawai, kuma shi ke kawo kasala da gyangyaɗi.

Yaya Mai Ɗinki, wadda ta girme mu duka kuma ba a taɓa jin muryarta ta ɗaga ba, ta ce a hankali, “Ƙanena, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.”

Na ce mata mu nan ba rijiya muke ja ba, katifa muke yi. Na ƙara da cewa su dube ni, ni raƙumi ne, in na ci da safe sai kuma dare.

Direba, mai tuƙa motar kayanmu, ya ce shi a saninsa raƙumi yana da tozo, ni ina nawa? Dogo ya dubi cikina daga sama, ya ce ai nawa a gaba aka ɗora mini. Aka yi dariya, ni ma na taya su don shugaba ba ya fushi a bainar jama'a. Daga nan na sauko, na kwance ƙararrawar, na sa aka kwaso kulolin kowa aka jera a ofishin Baba, na ce a karɓa in an tashi.

Wannan jera kulolin shi ne kuskuren da ko maƙiyina ba zan so masa ba, domin a ofishin nake zama. Rana na yin tsaka, ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Ta nan soyayyen kifi, ta can wake da albasa, wata kular ma murfinta bai zauna ba, tana ta huci kamar tana kirana da suna. Na buɗe taga, iska ta ƙara juya ƙamshin. Na fito zaure na riƙa zagayawa da hannuwa a baya, ina cewa aiki na kyau.

A gida na gaya wa uwar yarana ta daina zuba mini abincin tafiya aiki. Ta ajiye ludayi ta kalle ni, ta ce ni ɗin da in girki ya ɗan makara sai in tuno wa yara laifin da suka yi bara? Na ce wancan mutumin da ne, yanzu akwai nauyin jama'a a kaina. Ta ce to Allah ya ba raƙumi sa'a. Ashe har labari ya riga ni isowa, don matar Direba maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Da safe mai shagon bakin layi ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar tozo.

Da safe aiki kan tafi lafiya lau. Bayan rana ta karkata ne zauren kan koma wani wuri daban. Da farko hira ce ta mutu, ba ka jin komai sai kukan inji. Daga baya sai tsaki ya fara yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Yaya Mai Ɗinki, wadda ko ƙuda ya sauka a hancinta sai ta ba shi haƙuri, ta kama faɗa da kekenta, da keken bai tanka ba ta juya kan Amarya, abokiyar ɗinkinta, a kan almakashin da suka yi shekaru suna amfani da shi tare. Amarya ta ce almakashin nata ne. Yaya ta ce tun kafin a haifi Amarya take yanka da shi. Suka raba teburi da alli, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya. Direba da Maigadi kuwa suka yi cacar baki a kan wanda ya fara kallon wani.

Ni ma ban tsira ba. Wata mata ta shigo sayen matashin kai, ta tambaye ni ko yana da laushi. Na ce mata laushinsa kamar burodin da aka sauke yanzu, in ta danna shi sai ya taso, gefensa kamar an shafa masa man shanu. Ta ce ita kwanciya za ta yi a kai, ba karyawa ba. Ban san lokacin da na ce mata in ba za ta saya ba ta ba mutane wuri ba. Ta fita tana cewa za ta gaya wa duk 'yan layinsu.

Sai ga babbar matsala. Dogo, wanda ko ido rufe yakan yanka soso daidai, ya zuba wa wani jerin katifu wuƙa ya rage musu tsawo da kusan taƙi guda. Da na yi magana ya ce lambobin ma'aunin ne suka riƙa rawa a idonsa, in kuma na ƙara matsowa kusa da injin bai san abin da zai yanke ba. Na ja da baya. Na yi tunani irin na manya, na ce a ɗinke su haka nan, a cusa su a ƙasan sauran, ai ba duk majinyata ne dogaye ba.

Wani shugaban da ya ga haka sai ya mayar da ƙararrawa. Ni kuwa na gano cewa abin da ma'aikata suka rasa shi ne ƙarfin zuciya. Saboda haka na ƙirƙiro jawabin tsakar rana. Na tara su a tsaye, na fara bayani a kan juriya da yadda manyan mutane suka gina duniya da haƙuri. Ina tsakiyar jimla cikina ya yi wani irin ƙugi mai tsawo, ya tashi sama, ya sauko, ya ƙare da alamar tambaya. Na ce a duba janareto, da alama yana neman gyara. Dogo ya ce ai akwai wuta, tun safe janareto a kashe yake.

Bayan 'yan kwanaki sai na ga abin da ya faranta mini rai. Kuloli sun daina zuwa ofis, tsaki ya ragu, har na ji Amarya na 'yar waƙa a kan keke. Na bi kowa ina cewa kun gani, jiki ya saba. Ni kaɗai ne jikina ya ƙi sabawa. Wandona ya fara zamewa, kaina na sarawa, yarana suna jin sallamata sai su watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Ranar kai kaya na tashi da jiri. Na sami uwar yarana a kicin, na yi ƙasa da murya na ce ta ɗan zuba mini wani abu, saboda wani baƙo da zai zo kamfani. Ta tambaya ko baƙon yana son cinya ko ƙirji. Na ce cinya. Ta cika kula da shinkafa da jar miya da kaza, na cusa a jakar da nake zuba samfurin soso, na sa farar rigata ta zuwa taro, tunda ranar ce Baba zai yaba mini a gaban likitoci.

Kafin rana ta take an gama loda mota. Na saɓi jakata na tafi neman inda zan gana da baƙona. Ofis ba zai yiwu ba, tagarsa na kallon zaure. Na nufi sito, na kutsa bayan tarin soso, sai na yi kiciɓis da Dogo a tsugune, burodi da ƙwai a hannu, kumatu a cike. Muka kalli juna. Ya haɗiye da ƙyar ya ce awon soso yake yi. Na ce ni ma zagayen duba aiki nake, kuma zan yi maganinsa daga baya.

Na zagaya ƙarƙashin matakala. Nan na tarar da Yaya Mai Ɗinki da Amarya, waɗanda na bari ba sa ga maciji, sun sa kwano ɗaya a tsakiya suna ci suna ƙus-ƙus. Na tsaya na yi musu wa'azi a kan amana. Yaya ta saurara har na gama, sannan ta ɗan shaƙi iska.

“Ƙanena, soson da ke jakar nan ƙamshin kaza yake.”

Na ce sabon sinadari ne ake gwadawa, na yi gaba. A ɗakin Maigadi kuwa shi da Direba ne, sun shirya, suna raba ayaba. Ashe duk kamfanin ci ake yi, ni kaɗai nake bin dokata.

Wuri ɗaya ya rage, bayan motar kaya, an bar ƙofarta a sakaye. Na waiga dama da hagu, na haye, na ja ƙofar, na rarrafa can ciki bisa katifu. Duhu ne, amma hannu ya san hanyar baki. Ban taɓa cin abin da ya kai wannan daɗi ba. Na ci shinkafa, na tsotse ƙashi, na ɗaga kular don in shanye sauran miyar, sai na ji ɗumi na bin ƙirjina. Na ce ba komai, in na fita na goge. Daga nan na ga ya dace, a matsayina na shugaba, in gwada ingancin katifar da za mu kai wa mutane. Na ɗan kishingiɗa. Katifarmu dai ba ta da laifi, wannan zan iya ba da shaida a ko'ina.

Abin da ya faru ina barci, daga baya aka ba ni labari. Baba ya bugo ya ce ya sauka, a taho. Aka neme ni sama da ƙasa, aka ga wayata a ofis, aka ce wataƙila na riga na yi gaba don in tarbe shi. Direba ya datse ƙofa, Dogo ya shiga gaba don sauke kaya, aka kama hanya.

Haske ne ya tashe ni, da muryoyi. Na ɗan buɗe ido ɗaya. Ga Baba da jakar tafiyarsa, ga ma'aikatan jinya sun jeru cikin fararen kaya, ga leburori da masu fenti sun taru kallon katifu. An janye na gaba, ni kuma ga ni shimfiɗe a sama, farar rigata jawur daga wuya har ciki. Wata nas ta dafe ƙirji ta ce jini.

Nan fa dabara ta zo mini, irin wadda ba ta zuwa wa kowa. In na tashi, sai na yi bayanin barci da miya. In na ci gaba da kwanciya, ni jarumi ne da ya faɗi a bakin aiki. Na mayar da idon na rufe.

Aka sauko da ni ana salati. Da yake gadajen ba su da katifu, aka zaro ɗaya daga cikin namu aka shimfiɗa, aka kwantar da ni. Ni ne majinyacin farko a tarihin asibitin. Nas ta ɓalle rigar ta duba, ba ta ga rauni ba, ta ce to lallai amansa ya yi, abin daga ciki ne, a kira likita maza. Aka shiga farfasa kwalaye ana neman kayan aiki, don ba a gama jera komai ba.

Na ji hannun Baba a goshina. Ya ce yaron nan ya kashe kansa da aiki, shi ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Har ƙwalla ta taru mini don tausayin kaina. Sai Dogo ya ce ai dole, tun tafiyar Baba bai ci abincin rana ba, su ma ya hana su. Baba ya ce ya hana su kamar yaya? Dogo ya gyara tsayuwa ya fara daga kan ƙararrawa. Na yi wani dogon nishi don in katse shi. Baba ya ce in yi haƙuri likita na zuwa, Dogo ya ci gaba. Ya faɗi kuloli, ya faɗi almakashi, ya faɗi matar matashin kai, har janareto bai bari ba. Hannun Baba ya bar goshina.

Likitar ta iso, wata dattijuwa mai tabarau. Kafin ta taɓa ni ta tsaya tana kallon ƙafafuna, waɗanda suka wuce katifar suna reto a kan ƙarfen gado. Ta tambaya ko wannan ta ɗakin yara ce. Ta kama hannuna, ta ɗaga fatar idona, na juya ƙwayar sama iya ƙarfina. Ta danna cikina. Duk yadda na yi in riƙe, gyatsa ta ƙwace, mai ƙarfi, ta cika ɗakin.

Daidai nan na ji kuka daga baranda. Ashe Direba ya buga wa matarsa, ita kuma ta leƙa ta katanga. Uwar yarana ta faɗo ɗakin mayafi a hannu, bayanta yayana, da matar Direba, da mai shagon bakin layi wanda ya rufe shagonsa ya biyo su. Ta durƙusa a gefen gadon tana kiran ta shiga uku, ta kama rigar. Sai kukan ya tsaya cak. Ta kai rigar hancinta, ta ciro ƙwayar shinkafa daga maɓalli.

“Likita,” in ji ta, “wannan miyata ce.”

Likitar ta ce ita ma abin da bincikenta ya nuna ke nan, ciwon ƙoshi ne. Amma tunda majinyaci bai farfaɗo ba, a ɗauko babbar allurar nan. Direba kuma ya shigo riƙe da kula a hannu ɗaya, ƙashin cinya a ɗayan, yana tambaya ko a sa su cikin kayan asibiti.

Na ga lokacin farfaɗowa ya yi. Na buɗe ido a hankali, na dubi rufi, na ce cikin raunanniyar murya, “Ina nake?”

“Kana kan katifar da ka fi ta tsawo,” in ji Baba. “Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Tashi ka sauke kaya.”

Masu fenti suka riƙe bango don dariya. Yayana ya ce shi daga wurin aiki aka kira shi, ya baro abincinsa a buɗe, kuma sai na maimaita wannan labari da bakina a gaban mahaifiyarmu. Mai shago ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma roƙi likita ta duba tozon tunda an zo. Haka na sauke katifu da jar riga, ina wucewa nas-nas na yi mini sannu da jiki.

Likitar ta karɓi masu kyau, ta mayar mana da gajerun da wadda na yi wa ado da miya, ta ba Baba 'yan kwanaki saboda girmansa. Washegari Baba da kansa ya hau kujera ya mayar da ƙararrawa, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa ta sai ya haɗiye ta. Ni kuma aka mayar da ni teburina na karɓar baƙi, aka ƙara mini da aikin kaɗa ta, wai tunda na fi kowa sanin muhimmancinta. Gajerun katifun kuwa, Dogo ya sake yanka wasu yana fito, Yaya da Amarya suka ɗinke da almakashi ɗaya, aka kai kafin wa'adi. Na so in nuna cewa da ma gwaji na shirya don a gane amfanin hutu, amma da na fara sai Baba ya dube ni ta saman tabarau, na mayar da maganar tari.

Ranar farko da na kaɗa ƙararrawar, na ɗauki kulata na tsaya daga nesa, ina duban inuwar bayan zaure kamar ina lissafin wani abu. Dogo ya matsa ya buga guntun soso da tafin hannu, alamar in zauna. Na zauna. Kowa na kallon hannuna a kan murfi. Yaya Mai Ɗinki ta leƙo, fuskarta ba alamar wasa.

“Ƙanena, jinin yau na kaza ne ko na kifi?”

Na ce na kifi ne, na tura mata kular tsakiya.